Sunan Wa Ka Ci? Tunawa da Malama Saude ta Aji Ɗaya

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, ina zaune a dakalin ƙofar gidana a Sharada sai na ga yaran firamare suna wucewa. Na daɗe a kan dakalin nan, na san tashin yaran makaranta kamar yadda na san dawowar awaki daga kiwo: gudu ne da ihu, wani ya yar da takalmi, wani ya ja wa wata hijabi ya ruga. Ran nan kuwa ban ji an buga ƙarfen tashi ba, jiniyar kamfani ma ba ta yi kukan rana ba, amma ga su nan tafe a hankali, babu mai tsokanar wani. Abin ya ɗaure mini kai. Na yafito wata 'yar ƙarama na ce, "Ke, 'yar gidan wa ce?"

Ta durƙusa ta ce, "Sunana Hauwa'u. Na ci sunan kakata ta wajen uwa, mai daddawa ce a Ringim."

Daga wannan amsa na san ajin da take. Duk faɗin Kano, yaran mutum ɗaya ne ke amsa tambaya haka. Na ce, "To Hauwa'u, me ya koro ku da hantsi?"

Ta ce, "Malamarmu ce ta rasu."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malama Saudatu, wadda kowa ya sani da Malama Saude ta aji ɗaya, rasuwa bayan gajeriyar jinya. Har Alhamis ɗin da ta gabata da alli a hannunta. Aka yi mata sutura bayan azahar, na bi sahu da sandata har inda ƙafata ta iya kai ni.

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa zama na yi kukan rashinsa ba. Nomau ake ce mini, abin da na sani a kaina yake, kuma har yau bai zube ba. Wanda ke riƙe da biro jikana ne, Abba, mai gyaran wutar lantarki a wani kamfani a Bompai. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana, don maganar tasa ce kamar yadda take tawa. Malamai abokan aikinta za su faɗi iliminta, su suka sani. Ni abin da idona ya gani ta taga zan faɗa.

Sai na fara da ƙasar, in ba haka ba ba za a gane rigimar ba. Inda makarantar nan take, da katangar kamfanin da ke bayanta, gonar mahaifina ce. Gero muke shukawa da wake, shi ya haƙa rijiyar da unguwa ta daɗe tana sha. Kamfanoni suka zo, aka auna, aka kafa turaku, baƙi suka cika gari daga Jigawa da Nijar da ƙauyukan Kano, kowa da tabarmarsa yana neman aikin leburanci. Rijiyar ta canza ɗanɗano, aka cike ta. Mahaifina ya rasu bai bar gona ba, bai bar rijiya ba. Abin da ya rage nasa suna ne, shi kuwa da aka haifa wa ɗana Sale ɗa namiji, na sa aka mayar wa yaron. Kamar yadda aka saba, ba mai kiran yaro da sunan nan a gidana. Abba muke ce masa, ni kuma in ce Babana. Ko tsawa ba na bari a yi masa a gabana. Ina ɗa zai zauna yana kallo ana yi wa ubansa tsawa?

Ashe ba gidana kaɗai ke da uba ba. Da aka kai Abba aji ɗaya, sai ya tarar da su Abba sun fi ƙarfin yatsun hannu, ban da su Baba da Baffa da Halifa. Mata kuma Ummi, Mami, Iya, Walida, har da Hajiya wadda ko Kwanar Dawaki ba ta taɓa zuwa ba balle Makka. Kowannensu an ɓoye sunan wani babba a bayansa, kuma yawancinsu ba su san suna da wani suna ba. Malama ta kira sunan yanka, aji ya yi tsit, kowa na waige yana neman baƙon. Ta ce Abba, rabin maza su miƙe. Da farko haka ta haƙura tana lallaɓawa: Abba dogo, Abba mai giɓi, Abban bakin taga. Sai haƙori ya fito wa mai giɓi, na bakin taga ya koma bakin ƙofa.

Ranar da na fara saninta, ranar tashin hankali ce. Wani ɗan aike ya shiga makaranta a guje ya ce inji ya kama hannun wani a kamfanin roba, a sako ɗansa Abba ya je gida. Sale a kamfanin roba yake aiki. Abbana ya riga kowa miƙewa yana kuka, Malama ta sake shi. Ya shigo gida ba takalmi ƙafa ɗaya yana cewa inji ya cinye Babansa. Uwarsa ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Ni da ban yi gudu ba tun ina saurayi, na kama hanyar kamfani, sai ga Sale a bakin get yana cin rogo da ƙuli, lafiyarsa ƙalau. Wani bawan Allah ne daban, mutumin Gumel, ya rasa yatsu, shi ma ɗansa Abba, shi ma aji ɗaya.

Da la'asar Malama ta yi sallama a ƙofar gidana, da takalmin yaron a hannunta. Doguwa ce, siririya, muryarta a dashe kamar ta mai tallan da ya wuni a kasuwa. Ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuninku? Ni ce Saude, malamar Abba. Ni na aiko muku da tashin hankalin nan, ba kowa ba."

Na ce, "Na ji. Ba ki san yaranki ba ne?"

"Fuskokinsu na sani, Baba. Amma ɗan aiken bai zo da fuska ba, da suna ya zo. Abin da ya fi ci mini rai, shi wanda abin ya shafa yana zaune a gabana har aka tashi, yana waƙar ƙirge, bai san komai ba." Sannan ta ce, "Daga Litinin kowa da sunan yankansa zan kira shi, har sai ya saba."

Na ce, "Ban da nawa."

"Me ya sa, Baba?"

"Sunan mahaifina ne. Ni da na fito daga tsatsonsa ban taɓa buɗe baki na faɗe shi ba. Sai ke, a tsakiyar yara masu majina, ki ɗaga murya ki ce wane zauna, wane rufe mana baki, wane kai ne ka yi fitsari a wando? Ranar da na ji haka, ranar zai bar makarantar, kuma ba zai koma ba."

Na zaci za ta kawo mini dokar gwamnati, na riga na tanadi amsa. Sai ta gyara zama ta kalle ni kamar wadda aka nuna wa sabuwar hanya a unguwar da ta daɗe tana bi. Ta ce, "Wallahi ban taɓa duba abin ta nan ba. To a makarantar allo fa, me Malam ke ce masa?"

"Abba."

"In ya girma ya je neman aiki?"

"In ya girma ya ji da kansa."

"Ranar ɗaurin aurensa fa?"

Na ce, "Allah ya kai mu. Liman ne zai faɗa, ba ke ba."

Ta yi dariya har ta rufe baki da gefen mayafi. Sale yana tsaye a zaure, ya dawo daga aiki ko wanka bai yi ba, ya ce, "Baba, don Allah a bar yaron nan ya yi karatu. Kada ya ƙare a ɗaukar buhu kamar ni." Na ce masa da manya nake magana. Ya ja da baya, don ya san ni, in na ce zan cire yaro, zan cire.

Ita ta raba gardamar. Ta ce, "Na yi muku alkawari, bakina ba zai faɗi sunan nan ba sai kun yarda. Amma hannunsa zai koyi rubuta shi, don wannan shi ne aikina." Na auna maganar na ga zane ba ya da murya, tamkar sawun kaza ne a bakin rafi. Na ce na yarda.

To amma ni ba na sayen akuya a cikin buhu. Na riƙa zagayawa ta bayan ajin, in jingina da bango kusa da tagar da ba ta da murfi, ina jiran ranar da za ta karya alkawari. Ban kama ta ba. Sai dai na kamu da kallo, don abin da na gani ya fi ƙarfin abin da na je nema.

Na yi kiwo, na san wahalar garke. Amma garken awaki ba ya kuka don an ɗauke masa fensir, ba ya cewa zai yi kashi a tsakiyar magana. Ɗaki ne cike maƙil, na gaba a kan benci, na baya a kan buhunan da suka zo da su daga gida, gwiwa na gugar gwiwa. Wata ta zo da ƙaninta a goye don uwar ta tafi aikin tsince roba. Wani ya cinye rabin fensirinsa kafin a tashi tara. Wani jiya aka kawo shi daga Damagaram, ko gaisuwar ajin bai iya ba, wani kuma da ya fara gane baƙi sai a sallami ubansa daga aiki, su koma ƙauye ba sallama. In iska ta juyo daga wajen masu jimar fata, kowa ya toshe hanci. In janareton kamfani ya tashi, ko tirela ta tsaya tana huci a bakin katanga, ko kai da ke kusa da ita ba ka jin me take cewa.

Na sa ido in ga yadda za ta yi da ƙarar nan. Ba ta gasa da inji. In ya tashi sai ta rufe bakinta, ta koma magana da hannu: ta ɗaga yatsu su ɗaga, ta zana abu a iska su zana, ta kama kunne su kama. Inji na yin shiru ta ɗora daga inda ta tsaya. Kuma ba ta cika tsayuwa ba, kullum a tsugune take tsakanin layuka, zaninta duk ƙasa. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Baba, aji ɗaya ba a koyar da shi a tsaye. In ka tsaya, gwiwarka kawai suke gani."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ihun safe. Kafin a fara komai sai ta sa su karanta abin da ke allo da iyakar ƙarfinsu, har malamin aji na kusa ya leƙo yana tsaki. Na ce mata, ni na san malami da hana surutu, ke kuma kina sa shi. Ta ce, "Yawancinsu ɗaki ɗaya suke kwana da iyayensu. Uba ya kwana a bakin inji, ya dawo da safe zai yi barci, duk wanda ya yi tari a make shi. A gida an ce su yi shiru, a nan ma in ce su yi shiru? To ina za su kai muryar? Gara su zube ta da safe, in samu sauran ranar."

Ba zan ce ba ta gajiya ba, ƙarya ba ta kamaci mamaci ba. Na ga ranar da ta daka tsawar da ta sa har ni na gyara tsayuwa. Na ga ranar da ta fito ta bar su, ta tsaya a gindin darbejiya ta rufe ido, leɓenta na motsi, sannan ta share fuska ta koma. Tana da bulala a kan tebur, amma allo ta fi duka da ita. A jakarta kuma kullum akwai ɗan wando da ɗan zani na ko-ta-kwana. In wani ya jiƙa kansa, sai ta ce ya zo ya raka ta ɗebo alli, su dawo kamar ba a yi komai ba. Takan ce, "Yaro ba ƙin ji yake ba, sau da yawa bai san da shi ake ba."

Don su san da su ake, sai ta ƙirƙiro wata al'ada. Ta ce kowa ya je gida ya tambaya sunan wa ya ci, wane ne shi, me yake yi a duniya. Duk Alhamis kafin a tashi, 'yan kaɗan su miƙe su faɗa. Nan na ji abubuwa. Na ji mai sunan wani maƙeri a Kazaure, na ji mai sunan wata ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyensu, na ji wanda ya ce kakansa ɓarawon shanu ne amma ya tuba, aji ya kwashe da dariya, Malama ta ce tuban shi ne abin riƙewa. Wani yaro ya miƙe da hawaye ya ce babansa ya ce shi bai ci sunan kowa ba, a rediyo aka ji shi. Ta dafa kansa ta ce, "To kai ne na fari ke nan. Wasu ne za su ci naka, sai ka riƙe shi da kyau." Kafin zangon ya ƙare, su Abba duk sun watse, an samu Haruna da Lawan da Ilyasu. Saura Abba ɗaya tak a ajin, nawa.

Ni a ganina na ci nasara. Sai wata Laraba yaron ya dawo ya ƙi cin abinci, ya shige bayan randa ya zauna. Na ce, "Babana, wa ya taɓa ka?" Da ƙyar uwarsa ta ciro zancen daga bakinsa. Yara ne suka sa shi a gaba lokacin da aka tashi tara, suna tafi suna cewa Abba marar suna, ba a yanka masa rago ba. Su yara ba su san nauyin abin da suka faɗa ba. Ni na sani. Duk Bahaushe ya san wane irin ɗa ne ba a yanka wa rago.

Washegari Alhamis na ɗauki sandata. Sale ya biyo ni har ƙofa yana ba ni haƙuri, na ce ya koma, yau karatun ya ƙare. Wannan karon ban bi ta taga ba, ta ƙofa na shiga. Yara suka miƙe da gaisuwarsu ta waƙa. Na ce, "Malama, na zo ɗaukar Babana."

Ta dube ni, ta dubi yaron, na ga alamar labarin ya riga ni isowa. Ba ta roƙe ni ba. Ta janyo kujerarta, ita kaɗai ce kujera a ɗakin, ta goge da mayafi ta ce, "Ku zauna ku huta, Baba, kun sha rana. Yana tattara kayansa sai ku tafi. Amma tunda Allah ya kawo ku, akwai abin da yaran nan suka tambaye ni na kasa amsawa. Wai me ya sa ake ce wa lungun bayan makaranta Bakin Rijiya, alhali ba rijiya a wurin?"

Wanda ya san ni ya san an gama da ni. A tambaye ni abin da ya wuce in yi shiru, ban taɓa iyawa ba. Na ce rijiya kam an yi ta. Na nuna musu da sanda inda take, bayan katangar can da janareto ke kuka. Na faɗa musu mutum ɗaya ya haƙa ta da rani, shi da ƙaninsa mai jan ƙasa da igiya, mutane na wucewa suna cewa ba ruwa a nan, shi kuwa ya ce kunnensa na jin sanyinsa. Na faɗa musu ranar da ruwa ya ɓullo bai sha ba sai da ya kira wata tsohuwa makauniya ta fara sha. Bai taɓa sa wa rijiyar murfi da kwaɗo ba, Fulani masu wucewa ma sun shayar. Na ce inda kuke zaune ɗin nan gero ne, ya fi malamarku tsawo. Ɗakin nan da ban taɓa jin ya yi shiru ba, ya yi shiru har ina jin ƙanin yarinyar nan mai goyo yana tsotsar yatsa.

Na ce, "Mutumin nan shi ya haife ni. Wancan kuma da kuke cewa ba a yanka masa rago ba, sunansa ya ci. Ni na kayar da ragon da hannuna, fari ne mai baƙin wuya, iyayen wasunku sun ci naman."

Sai wani ɗan ƙiriniya a layin gaba, mai kunnuwa kamar faifai, ya ɗaga hannu ya ce, "Baba Tsoho, to meye sunan mai rijiyar?"

Na buɗe baki na rufe. Na dubi Malama, ta sunkuyar da kai tana juya alli a hannu. Na dubi Abba, yana tsaye da buhunsa a naɗe a hammata, yana kallona. A nan wani abu ya faɗo mini wanda ban taɓa tunani ba: duk unguwar nan, waɗanda suka san sunan mai rijiya sun mutu ko sun tashi, ni kuwa da na rage na kulle shi a baki. Na ce, "Ku tambayi wancan. Shi ke ɗauke da shi."

Malama ta miƙa wa yaron allin. Ya ajiye buhu, ya je gaban allo, ya yi ɗage, ya fara zane a hankali, harshe a waje. Ni ban ga komai ba sai sawun kaza. Amma ita ta riga ta saba musu, duk abin da aka rubuta a allo da ƙarfi ake karanta shi. Ba wanda ya ba su umarni. Suka haɗa baki gaba ɗaya, suka ɗaga sunan mahaifina sama, a kan gonarsa, har ya danne ƙarar janareto. Suka sake, suka kuma sakewa, yadda suke yi.

Rabon da in ji sunan nan a bakin mutum tun ranar sunan yaron, shi ma a kunne liman ya raɗa kafin maroƙi ya faɗa ina can cikin gida. Na zauna a kujerar nan ban san tsawon lokacin ba. Da na miƙe, Abba ya ɗauko buhunsa zai biyo ni. Na ce, "Ina za ka? An tashi ne?" Ya koma ya zauna.

Har gobe ina nan a kan bakana: ban ba da izini ba, kuma ba a yi wa uba tsawa da sunansa. Ita ma ba ta taɓa cewa na bayar ba. Har ya gama makarantar, har ya yi gemu, in sun haɗu a hanya Abba take ce masa. Yara ne suka riƙa kiransa da sunan, shi kuma ya riƙa amsawa da ƙarfi. Alkawarin da ta yi a ƙofar gidana, da shi aka binne ta.

Abin da na kasa ganewa shi ne, shin ta shirya abin nan ne tun ranar da ta ce hannunsa zai koya, ko kuwa Allah ne ya haɗa? Na tambaye ta ba sau ɗaya ba, don bayan nan takan aiko a kira ni ranar Alhamis in an samu yaron da iyayensa 'yan asalin nan ne amma ba su san labarin mai sunan ba. Kullum amsarta ɗaya, tana murmushi: "Baba, ni fa labarin rijiyar nake son ji." Na auna maganar nan shekara da shekaru, wata rana in ce dabara ce, wata rana in ce gaskiyarta ke nan, don ban taɓa ganin mai son jin labarin mutane kamarta ba. Yanzu ta tafi da amsar.

Da na je gaisuwa ranar uku, ina zaune cikin maza sai wata tambaya ta taso mini, na yi mamakin yadda ban taɓa yin ta ba. Matar da ta tambayi yaran unguwa kaf sunan wa suka ci, ita sunan wa ta ci? Na tambayi maigidanta, ya ce wallahi bai taɓa bincika ba. Aka yi mini iso wurin mahaifiyarta, tsohuwa ce sa'ata, tana zaune da carbi. Bayan mun gaisa na yi mata tambayar. Ta ce, "Ita 'yar nan? Wata maƙwabciyarmu ce a gidan haya, lokacin da aka kawo ni birni ban san kowa ba. Ba dangin iya ba na baba. Ita ta riƙe ni kamar ƙanwarta." Na ce ya sunan matar? Ta ce, "Ai shi ne sunan 'yar nan." Ta ja carbinta. 'Yar fari ce, har ta koma ga Allah uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba. Na ce a raina, ashe a irin gidanmu ta tashi. Ashe shi ya sa ba ta yi mini gardama ba.

To ni ba 'yar farina ba ce, ba abin da zai hana ni faɗa. Saudatu. Allah ya jiƙan Saudatu, ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta ya haskaka shi. Yadda ta tsuguna don yara su ga fuskarta, Allah ya dube ta da rahama. Yadda ta rufa wa ƙanana asiri, Allah ya rufa mata ranar da asirai ke tonuwa, ya kira ta da sunanta cikin bayinsa na gari. Allah ya ba mahaifiyarta da maigidanta da 'ya'yanta haƙurin rashi, ya raya abin da ta bari, ya shirya su. Yaran aji ɗaya da ke zaune a kan buhu suna jiran wanda zai shigo, Allah ya kawo musu mai haƙuri, ya ba shi murya da gwiwa.

Kuma tunda addu'a ake, a sa da mai rijiya. Abba, a nan bakina ya tsaya, saura hannunka. Rubuta yadda ta koya maka, masu karatu su karanta da ƙarfi.

Zubairu.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙanta, ya shayar da su daga tafkin da ba ya ƙafewa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.